Gadon da Inna Ta Ƙi Hawa

Tun ranar da na tarar da Inna yashe a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, ɓarin jikinta na hagu ya ƙi motsi, hankalina bai sake kwanciya ba. Ko murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya yanke ya faɗi. Likita ya ce in ta sake faɗuwa, ba lallai ta tashi ba. Ita kuwa Inna, da ta kira mutum ya ɗaga ta, gara ta ja jiki ta gwada da kanta.

Sai na yi dabara, ni sarkin wayo. Na je wurin wani kafinta a bakin kasuwar Wudil, na kwatanta masa gado gajere mai sanduna a gefe biyu, waɗanda za ta riƙa kamawa ta miƙe. Na ce sandunan su zarce ta kai da ta ƙafa, kuma kada ya ɓata lokaci wajen fenti.

Ranar da aka gama, maza huɗu suka shigo da shi a kafaɗa, farin katako tsirara. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta saka salati. Sai a lokacin na ga abin da na sa aka ƙera: makara sak.

Inna tana kan tabarma a tsakar gida. Ta dubi gadon, ta dube ni.

"'Yar nan, har kin gaji?"

Ranar ko kunu ba ta sha ba. Tsorona ya zama biyu: kada ta faɗi, kada kuma ta fid da rai.

Na mayar da gadon, na tsaya a kan kafintan kamar mai gadin shuka. Aka datse sandunan, aka lanƙwasa bakinsu, aka shafa koren fenti. Kafintan ya yi wa allon kai furanni da madubi irin na gadon amare, da 'yar loka ta ajiye carbi da goro.

Da aka dawo da shi, Inna ta daɗe tana shafa furannin kafin ta yarda a zaunar da ita. Da aka kira la'asar, ta kama sanda da hannun dama ta yunƙura. Ƙafarta tana rawa. Na buɗe hannuwa a gabanta, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ta miƙe tsaye, tana haki.

"Matsa," ta ce, "kin tare mini hanya."