Mota ga Mai Awo, Sito ga Direba

Babanmu da dako ya fara, a tashar jirgin ƙasa ta Kaura, zamanin da gyaɗa ke da daraja. Daga dako ya sayi jaki, daga jaki ya koma awon hatsi da tiya guda da buhunan aro. Ko da na yi wayo yana da sito a bakin kasuwa, da babbar mota mai ɗauko gero da dawa da wake daga Shinkafi da Zurmi. Duk wannan zirga-zirga ba ta sa ya kwana waje ba, in dai akwai hanyar dawowa. Yakan ce ba don gadin gida ya auri Innarmu ba.

Mu uku muka rayu cikin 'ya'yansa: Yaya, ni, sai ƙanenmu. Yaya ya gaji awo, ƙwayar wake zai ciza ya gaya maka ko ta bushe. Ƙanenmu kuwa tun yana ƙarami sitiyari ya sa a gaba, shi ya zama direban motar. Ni baki na gada, ban san daga wa ba, don Baba sai ya wuni bai yi magana mai tsawo ba.

Da hanya ta lalace da ɓarayin daji, wata Alhamis ƙanenmu ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce ba zai je kasuwar Shinkafi ba. Yaya ya kira shi matsoraci a gaban 'yan dako. Shi kuma ya ce ai mai zaman inuwa yana kaɗa ƙafa ba ya rasa jarumta. Shi ke nan fa. Maganar da ba ta kai ta kawo ba ta zama gaba ta fiye da shekara. Ba gaisuwa, ba zuwa suna, har matansu suka ɗauka. Ni na yi faɗa, na yi kuka, na yi zagi, duk a banza. Tsorona ɗaya ne, kada tsohon nan ya mutu ya bar su a haka, don lokacin ƙafa ta riga ta kwantar da shi.

Rannan Baba ya tara su da limamin unguwa, ya ce zai yi kyauta tun yana da rai. Ya ba Yaya mota, ya ba ƙanenmu sito. Liman ya ɗauka ya yi tuntuɓen harshe, ya sake tambaya. Baba ya maimaita.

Ana watsewa na faɗa ɗakinsa, ko zama ban yi ba.

"Baba, wane irin rabo ne wannan? Yaya ko keke bai iya ba. Wancan kuwa bai san tsohon gero da sabo ba. Mutane cewa za su yi tsufa ya ruɗe ka."

Ya dube ni yana jan carbi. "Ɗiyata, bari su hwaɗi. Zauna ki matsa mini ƙahwa."

Na zauna ina matsawa ina huci. Har ga Allah na ɗauka wahalar shekarunsa ce zai zubar da hannunsa, kuma abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Kafin kaka ta wuce, ƙanenmu ya cika sito da waken da bai bushe ba, ƙwari suka huda shi. Masu saye suna tsaye a kansa yana zufa, ga wanda zai tambaya can ƙetaren titi, girman kai ya hana. Yaya kuwa ya ɗauki direban haya, dole ya riƙa zama a gefensa don kula da kaya. Matarsa ta raɗa mini cewa duk daren Alhamis ba ya iya cin tuwo. Na kai wa Baba labarin duka, ina jiran ya ce ya yi kuskure. Sai ya ce, "Allah shi kyauta," ya juya ga bango. Shi ma cimarsa ta ragu, yana ta ramewa.

Wata Alhamis da hantsi ina gidan ina jinyarsa, labari ya zo cewa an yi harbi a hanyar Shinkafi, motoci sun tsaya. Wayar Yaya ba ta shiga. Na aika sito a gaya wa ƙanenmu, ɗan aike ya dawo ya ce ya tarar da ƙofa a buɗe, maƙwabta sun ce ya hau babur ya yi arewa, ko hula bai ɗauka ba. Daga baya muka ji ya sami motar a gefen hanya. Direban haya ya tsere daji da jin ƙarar bindiga, ya bar Yaya zaune kan buhu, ga makulli a jiki, ba shi da yadda zai yi da shi.

Mun ɓoye wa Baba, amma ya ga Inna ta kasa zama, ya ga ni mai surutu na yi shiru. Bai tambaya ba. Ya yi azahar a zaune, ya yi la'asar.

Rana ta yi sanyi muka ji ƙugin mota tana shigowa layinmu. Na miƙe zan fita, Baba ya riƙe mini zane. Ya karkata kunne yana sauraron yadda aka sauke giya a kwanar masallaci.

"Wanga hannun ƙaraminku ne," ya ce. "Leƙa ki gani, shi kaɗai ne?"

Na leƙa ta zaure. Ƙanenmu na kan sitiyari, fuska duk ƙura. Yaya na gefensa, yana nuna masa inda zai tsaya, kamar shi ya koya masa tuƙi. Ƙaramin yana ce masa, "Yaya, na gani, sauke hannunka."

Na koma da gudu. "Su biyu ne, Baba. Har sun fara gardama."

Ya saki zanena, ya lumshe ido.

"To, alhamdu lillahi. Na gama aiki."

Bai ga damina ta gaba ba. Su biyun suka yi masa wanka, ɗaya na zuba ruwa, ɗaya na cuɗawa.