Ina Kwance Aka Tumɓuke Gambar Gonata

Salamu alaikum jama'a. Masu cigiyata tun bara, ga ni. Ban mutu ba, ko da yake akwai wanda ya riga ya gama shirin mutuwata.

Da kumburin ciki da zawo abin ya fara. Mai kyamis ɗin garinmu ya ce taifot ne, ya ɗora ni kan kafso. Ciwon ya lafa, ya dawo, a ƙaro wani. Haka na yi ta watsa su kamar gyaɗa.

Kafin ruwa ya sauka, tafin ƙafata ya mutu. Takalmi ya saɓule ban sani ba. Harshe ya yi jawur, tuwo ya gagara. Ga mantuwa, ina tsakar salla in rasa raka'a ta nawa nake.

Wannan mantuwar yayana Habu ya kama. Uwa ɗaya uba ɗaya fa! Ya bi dangi yana cewa kaina ya taɓu, ga tsadar rayuwa, a daina asarar kuɗin asibiti. A gabana yake faɗa, kamar ba ni a wurin.

Matata Rabi ta ce ba ta san zancen ba. Ta sayar da tumakinta, ta saka ni a motar haya daga Ɗanbatta zuwa Kano. Layin kati, ɗibar jini, gwajin bayan gida. Wallahi na tsorata, na zaci na gurgunce ke nan.

Likitar ta ce, "Malam Sani, hankalinka ƙalau. Akwai ƙananan halittu masu amfani a hanjin kowa. Naka sun rikice, miyagun sun yi yawa, suna cinye bitamin B12 kafin ya isa jininka. Yawan kafson nan ma bai taimake ka ba."

Aka hau yi min allurai. A hankali na fara jin sanyin ƙasa a ƙafata.

Ranar da na iya takawa, gona na nufa. Gadon Babanmu ce, layin gamba ya raba tawa da ta Yaya. Na tarar babu gamba. An tumɓuke ta, an ja kunya tun daga nasa bakin har ƙarshen nawa, dawa har ta fid da kai.

Ga Yaya duƙe a ciki yana aiki. Na ce, "Yaya, ina iyaka?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ai mun ɗauka ba za ka tashi ba."

Duk alluran nan ban yi hawaye ba. Ran nan na yi, kuma har gobe abin yana ci na.

Alhamdu lillahi da Allah ya tashi kafaɗata. Rabi, Allah ya biya ki da Aljanna. Likita, na gode. Dattawan garinmu da suka tsaya aka mayar min da gonata, ku ma na gode.

Don Allah ku daina shan kafso barkatai. Ciwon ciki ya daɗe, ƙafa ta fara mutuwa, a je a auna jini. Mara lafiya kuma yana jin duk abin da kuke faɗa a kansa.

Da ruwan bana ya sauka, da hannuna na sake dasa gambar, ta kuma kama. Ta samanta muke gaisawa da Yaya yanzu.