Ranar da Kaka ya goye ni da rawani

Har yau in na tsallaka ruwan Deira a abra, ƙaramin jirgin fito na Dubai, warin man dizal da gishiri ya buge ni, sai na ji kamar an ɗaure min ƙirji.

Ina ƙarama Kaka ya zo Dubai ganin likitan ido. Basarke ne, masunci daga Yawuri, a kwalekwale ya tsufa. Ni yake kira amaryarsa, ni kuma in ce ban son tsoho mai warin kifi. Da sanyi ya shigo, Abba ya samar mana jirgin katako daga Al Ras, a fita teku Kaka ya sha iska, a ga dolfin, kifin nan mai tsalle yana wasa.

Mun yi nisa, dogayen benaye sun koma kamar tsinken ashana, sai ruwa ya tsage gefenmu. Wani baƙin baya ya taso, ya kusa tsawon jirgin, ya yi huci ya feso ruwa sama. Direban ya kashe inji yana murna, wai hut ne, babban kifin da sai mai rabo ke gani. Kowa ya ruga gefe yana ɗaga waya.

Kaka bai ga kifi ba. Hucin ya ji, kuma a ruwan da ya sani, dorina ce kaɗai ke huci haka kafin ta kife kwalekwale. A can ba a jiran ta, yara ake kwashewa a faɗa ruwa a nufi gaɓa. Kafin in ankara ya warware rawani, ya goye ni tamau, ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin jirgi. Ina jin bugun zuciyarsa a kumatuna. Na leƙa ƙasa, ruwa baƙi ƙirin, gaɓa kuwa babu ko alamarta. Wallahi ko kuka na kasa.

Umma ta toshe baki. Abba bai matso ba, ya san in ya taɓa shi to mun tafi. Durƙusawa ya yi.

"Baba, nan ba Yawuri ba ne. Ba gaɓa. In ka sauka da ita, ba ku dawowa."

Kaka ya daɗe yana kallon ruwan da idonsa mai yana. Abin ya ɗaga wutsiya ya nutse. Sai ya sauke ƙafar, ya zauna daɓas, amma ya ƙi kwance ni har muka iso tasha. Can na ji ya ce, ba da kowa yake ba:

"Wancan karon da dorina ta kife mu, hannun ƙanena kawai na riƙe, ya suɓuce min."

Yanzu 'yata ke roƙona in kai ta kallon dolfin, ta ce ai akwai rigar ceto. Na kai ta, kuma ta sha dariya. Da muka sauka ta nuna min shatin yatsuna a hannunta.