Jajen Mai Tsugunno

Mutumin da nake so a saka a zauren gwarazan besbol, wasan Amurkawa na sanda da ƙwallo, ban taɓa ganinsa yana wasa ido da ido ba. Kafin in sauka a Amurka ya riga ya yi ritaya. A waya na san shi, cikin tsofaffin bidiyo masu dishi-dishi, ina zaune ni kaɗai a ɗakina na unguwar Greenbelt da kwanon taliya a cinya.

Wanda ya tashi daga ɗakin kafin ni ne ya bar wata 'yar rediyo a saman firji. Shekarata ta farko ba ni da kowa. In na tashi daga aiki a unguwar Southwest, inda nake gyara wa ma'aikatan wani ofis kwamfuta, sai in hau jirgin ƙasa har ƙarshen layi, in buɗe ƙofa, in yi sallama, ba mai amsawa. Sai in kunna rediyon don dai in ji muryar mutum. Tashar da ya bar ta a kai ta besbol ce. Mutum biyu ne ke magana a hankali, ba ihu irin na masu sharhin ƙwallon ƙafa ba, kamar dattawa a dakalin ƙofar gida. Ban gane komai ba, amma na bar su suna yi.

Daga baya na ce bari dai in san me suke faɗa. Na shiga bincike a waya, ba wanda ya koya min. Kai, wallahi wasan nan in ka gane shi akwai daɗi! Kowa idonsa na kan mai jifa da mai sandan bugu. Amma akwai wani a tsugune a bayan mai sanda, fuskarsa a rufe da ƙarfe, shi yake cafe ƙwallon. Shi ne yake faɗa wa mai jifa irin jifan da zai yi, da yatsu, a ɓoye tsakanin gwiwoyinsa. Shi ya haddace lagon kowa: wannan ba ya son ƙwallo ta ƙasa, wancan in an jefa masa a hankali sai ya yi gaggawar kai sanda. Mutumina irin wannan ne. Ya yi ta tsugunno har gwiwoyinsa suka ce ba su iyawa.

To ga inda rigimar take. 'Yan jarida ne ke zaɓen wanda zai shiga zauren, kuma sai mutum ya samu kashi uku cikin huɗu na ƙuri'unsu. Suna ba ya dawwama a gabansu, kuma hunturun nan shi ne damarsa ta ƙarshe a hannunsu. Masu ƙi suna cewa in layinsa ya zo ya ɗauki sanda, bai cika buga ƙwallo ta fita daga fili ba. Ni kuwa cewa nake yi, ta yaya za ka ƙirga ƙwallon da ba a buga ba saboda shi ya hana a buga?

Wannan maganar ta cika min ciki, ba inda zan zazzage ta. Na gwada da wani a wurin aiki. Ya yi murmushi ya ce abin sha'awa ne ɗan Afirka yana bin besbol, ya juya ga aikinsa. Ni ba yabo nake nema ba. Musu nake so, da Hausa, irin wanda ake cewa "kai, haba!" ana buga cinya.

Ran Lahadi mutanenmu kan taru a gidan wani likita a Takoma Park, a ɗakin ƙasa, bisa darduma. A ci masa, a sha shayi, a yi ta musun ƙwallon Ingila. Ni ne ƙarami, don haka nawa zuba shayi ne. Ranar nan na ga hira ta ɗan lafa, sai na jefa tawa.

"Besbol?" in ji wani ɗan Jos mai aikin jinya, wanda bakinsa ba ya hutawa. "Wasan da ake yini a tsaye ana tauna cingam?"

"Yaya, ba haka ba ne, akwai mai tsugunno a baya, shi ne..."

"Jama'a an ƙwace mana yaro. Baɗi sai ya ce mu je zamiyar ƙanƙara. Bature, miƙo sukari."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na miƙa sukarin.

Da aka watse, wani dattijo ɗan Zariya, injiniya mai ritaya da kowa ke ce wa Baffa, ya ce in shigo ya rage min hanya. Muka faɗa cunkoso a babban titin da ya zagaye gari, motoci kamar an ɗaure su. Can ya ce, "Wane ne wannan mai tsugunnon naka?"

Ai kamar an ɓalle famfo. Na faɗa masa yatsun, na faɗa masa gwiwoyin, har na saki bel ɗin kujera ina neman nuna masa yadda ake tsugunawa ya ce in mayar. Shi dai "to" kawai yake cewa, idonsa a kan hanya. Ban sani ba ko yana ji ne ko kara yake min. Sai da muka kusa gida ya ce, "Waɗanda suka yi jifa a hannunsa, me suke cewa?"

"Baffa, cewa suke yi ba don shi ba da ba su zama komai ba."

"Su ne masu zaɓen?"

"A'a, 'yan jarida ne."

"To. Allah ya kyauta."

Ranar da aka faɗi sakamako sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Na idar da magariba na tsaya a gaban firji, rediyo a kunne. Aka karanta sunayen waɗanda suka shiga. Na jira ko akwai saura. Babu. Na ɗauki waya na yi ta jan sunaye sama da ƙasa, ina neman wanda zan kira. Umma tana Kano tana barci, kuma ko idonta biyu me zan ce mata? Na ajiye wayar, na wanke kwanona guda ɗaya.

Lahadin da ta biyo baya har na so in ƙi zuwa. Na dai je. Ana cikin shan shayi sai Baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, ku yi wa ɗanku jaje."

Likita ya ajiye kofinsa. "Innalillahi. Daga gida ne?"

"Ba rasuwa ba ce. Mutuminsa ne aka hana shiga." Ya juyo gare ni. "Na sa jikata ta duba min a waya." Sai ya miƙo min hannu, fuskarsa ba alamar wasa. "Ya muka ji da wannan abu? Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri."

Na ce amin. Kuma tunda babba ya miƙa hannu, wa zai zauna? Ɗaya bayan ɗaya suka miƙo nasu, wasu suna danne dariya. Ɗan Jos ya riƙe nawa ya ƙi saki.

"Sannu, Bature. To wai me ya yi aka hana shi?"

Ina fara bayani wani ya ce, "Au, mai tsaron raga ne ashe! Ai su kullum haka ake musu." Likita ya ce sam, 'yan jaridar sun yi daidai, gwarzo sai da abin nunawa a hannu. Ɗan Jos ya ce likitoci dama haka suke, mai jinya ya kwana a kan mara lafiya su zo da safe su karɓi godiya. Wuri ya kaure. Rabin abin da suke faɗa ba haka wasan yake ba, wani ma ya ɗauka raga ake zura ƙwallon. Ban san lokacin da na ce, "Haba Dakta, haba!" da ƙarfi ba. Na kama bakina don kunya.

"Ci gaba," in ji Baffa. "Musu ne ai."

Na ci gaba har shayina ya huce. Daga nan wani ya tuna da wasan jiya na Ingila, hira ta koma inda ta saba, kuma ba a sake tayar da maganar mutumina a gidan ba.

Ranar Baffa yana da unguwa, a jirgi na koma. Na buɗe ƙofa na yi sallama. Lokacin sanyi ba a besbol, don haka ban kunna rediyon ba. Ina cire takalmi sai amsar da ya kamata in ba likita ta faɗo min, wadda ba zai iya ja da ita ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da takalmi ɗaya a ƙafa, na faɗe ta da ƙarfi, da Hausa, tun daga farko har ƙarshe.