Salansar Yaya

Yayana yana da wata farar a-kori-kura da yake jigilar albasa da shinkafa da ita daga Augie da Argungu zuwa Birnin Kebbi. Shekarar da na koma gidanmu na unguwar Nasarawa wankan jego ya kai ta gareji aka yi mata aikin salansa. Bakanike ya yanke tsohon katalis, tukunyar nan da ke tace hayaƙi a ƙarƙashin mota, ya sa wani mai faɗin maƙogwaro, mai walda kuma ya haɗa shi da ƙaton bututu. Wai don motar ta sha iska ta ja kaya. Ta kuwa ja. Sai dai ta samu sabon hali: in Yaya ya taka totur ya saki farat ɗaya, sai ta buga kamar an harba bindiga.

A lokacin Baffa, ƙanin mahaifinmu, yana zaune tare da mu. Tsohon soja ne, ya dawo daga fagen daga ba rauni a jikinsa, amma ba ya son hayaniya. Wuni yake a zaure yana saƙar komar kamun kifi. Shi ya koya wa Yaya tuƙi.

Ranar farko ba da gangan ba ne. Motar ta buga a ƙofar gida, na leƙo da jinjira a kafaɗa, sai na ga Baffa kwance rub da ciki ƙarƙashin benci, ya rufe kai da hannuwa, yana ihun kowa ya kwanta. Yaya ya yi dariya har ya dafa sitiyari.

Daga nan abin ya zama masa wasa. Yakan lallaɓo a hankali har ya zo daidai zaure, sannan ya buga. Wani lokaci ya ɗauko abokansa a baya don su gani. Inna ta roƙe shi, ta yi kuka. Ni ma na tare shi a tsakar gida.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ubanka ne fa."

"To ni mi niy yi mai? Mota ce ke tari. In ba shi iyawa, shi toshe kunne."

Baffa bai taɓa yi masa magana ba. Ya naɗe komarsa ya koma Argungu wajen 'yarsa da ke aure a can. Muka ce an huta.

Da 'yar ta haihu, muka je suna a motar haya. Baffa ya sha sabuwar farar shadda, yana zaune a tabarma cikin surukansa, har yana ba da labari yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa na manta. Ana cikin rabon goro sai ga farar motar ta kunno kai cikin lungun, shaƙe da buhunan shinkafa. Na miƙe ina ɗaga wa Yaya hannu. Ya gan ni sarai. Ya taka, ya saki.

Baffa ya yi tsalle ya faɗa kwatar da ke bin bangon gidan. Yara suka fashe da dariya, dattawa suka kau da kai. Da aka ɗago shi, gaban wandonsa a jiƙe yake, kuma kowa ya san ba ruwan kwata ba ne. Ya dubi Yaya ya ce, "Ɗana, ka gama?"

"Sannu, Baffa. Wajen bakanike zan mai da ita," in ji Yaya, ya sauko ya karɓi goronsa.

Bai mai da ita ba. Da ya tashi sayar da motar daga baya, salansar ce abin da ya fi yaba wa mai saye.

Baffa yana nan a Argungu, a ɗakin can ƙuryar gida. Ko masallacin unguwa ya daina zuwa, kuma bai yarda surukansa su haɗa ido da shi. In na kai masa ziyara sai na yi sallama na faɗi ko ni wace ce, na kuma ce ni kaɗai ce, kafin ya zare sakata.