Ranar Da Na Daina Cewa Da Sauƙi

Assalamu alaikum. An daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Wasu sun ɗauka na koma Kano, wasu sun ɗauka na mutu. Na biyun sun fi kusa da gaskiya.

Waɗanda suka san ni sun san ba ni da daɗin baki. Na koyar a jami'a, ƙarshenta ga ni a unguwar Deira, nan ƙasar waje, ina yi wa 'yan kasuwa tafinta wajen masu cargo, wato masu jigilar kaya. Duniya ta daɗe da fita raina, har na zaci mutuwa ma ba za ta razana ni ba. Ashe cika baki ne.

Wandona ne ya fara faɗa min, ya daina zama a ƙugu. Sai jini a bayan gida. Na ce basir ne, kamar yadda kowane Bahaushe zai ce, na dinga shan jiƙon da wani yake sayarwa a unguwar Al Sabkha, har ranar da na yanke jiki na faɗi a bakin shago.

An ɗebi jini, an yi hoto, an zura min na'ura mai kyamara. Likita ta ce ciwon daji ne a hanji, kuma ya yi nisa. Za a fara da maganin da ake ƙarawa ta jijiya, daga baya a yi aiki, amma ba ta yi min alkawarin zan tashi daga aikin ba.

Maganin nan ya cinye ni. Amai, zawo, baki duk gyambo. Inda inshora ta tsaya, 'yan kasuwarmu suka yi karo-karo. Allah ya saka musu.

Amma dubiyarsu ta fi ciwon gajiyar da ni. A shigo da dabino, a ce ya jiki, in ce da sauƙi, a koma hirar kwantena. Sau ɗaya na ce wa Alhaji Mamman, abokina ɗan Damagaram, ina jin tafiya zan yi. Ya zare ido ya ce, "Subhanallahi, Malam, khalas, ka daina wannan magana." Sai na haɗiye. Haka aka raine mu: ko rai na fita, da sauƙi ne.

Haka nake ce wa 'yata Zainab a waya kullum. Ita kaɗai ta rage min tun rasuwar mahaifiyarta. Na ce mata gyambon ciki ne.

A sashen da aka kwantar da ni, na waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, akwai wani ma'aikacin jinya ɗan Sri Lanka, Nimal, mabiyin addinin Buddha. A ƙasarsu ya yi wani horo wajen malaman addininsu kan yadda ake zama da mai shirin barin duniya. Da ya faɗa min, na ce kada ya kawo min gumakansa nan. Ya yi dariya, ya ce darasin farko da aka ba su shi ne su ajiye addininsu a bakin ƙofa tare da takalmi, su shiga da kunne kawai.

Kuma haka ya yi. Zai ja kujera ya zauna, ba waya a hannu, ba lallashi. Idan tsoro ya shaƙe ni, sai ya ce in bi numfashina kawai, shigarsa da fitarsa. Ni kuma na ɗora istigfari a kan kowane numfashi. Shi yake tuna min azahar ta yi, ya miƙo min dutsen taimama. Shi ne mutum na farko da na ce wa ina tsoron mutuwa bai toshe min baki ba.

Ana gab da aikin, wata la'asar, ya tambaye ni ko 'yata ta san gaskiya. Na ce mu ba ma ɗora wa 'ya'yanmu irin wannan kaya. Ya ce an koya musu cewa ban kwana ba na mai tafiya ba ne shi kaɗai, mai zama ma yana da rabo a ciki.

Na yi fushi. Sannan na ɗauki waya na kira Zainab.

Ta ce, "Baba, ya jiki?"

Na ce, "Zainabu, babu sauƙi."

Ta yi kuka, ni ma na yi. Sai ta ce, "Baba, tun azumi muryarka ta faɗa min. Jira nake ka ba ni izinin sani."

Alhaji Mamman ne ya yi ta zirga-zirgar biza har Zainab ta iso. Hannunta na riƙe aka tura ni ɗakin aiki, ita na fara gani da na farka. An yanke wani sashe na hanjin. Yanzu ina cin tuwo, ina taka ƙafa har bakin ruwa a Al Buteen, ina komawa asibiti ana dubawa. Gwajin baya-bayan nan ya fito lafiya. Alhamdulillahi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci, da 'yan kasuwar da na daɗe ina rainawa, da Nimal. Har yanzu ba ni da daɗin baki, kada wani ya sa rai.

Shawarata: in ka ga jini, ka je asibiti, ba kowane jini ne basir ba. Ka binciki inda inshorarka ta tsaya tun kana da lafiya. Kada ka ɓoye wa naka. In kuma ka je dubiya, ka kashe waya, ka zauna. Idan maras lafiya ya ce maka babu sauƙi, kada ka ce ya daina faɗin haka. Ka matso da kujerarka.