Tayar Baya Ba Aikin Kawu Ba Ce

Kawuna bakaniken babura ne, kuma yana da wani hali da ke ƙular da mutane. In za ka yi doguwar tafiya, zai canja baƙin mai, ya gyara birki, ya ja sarƙa, amma tayar baya kai za ka kwance ka mayar.

Da zan yi doguwar tafiya a kan kwalta, na kai masa babur ɗina irin na shiga daji, ya cire tayar gaba mai haƙora ya sa ta kwalta. Sai ya miƙo mini sifana in kwance ta baya, ya koma benci da shayinsa. Na jiƙe sharkaf da gumi, noti ya ƙi motsi.

"Haba Kawu, taimaka mana!"

Ya kurɓi shayi. "Ɗana, sha wahalarka nan inda akwai inuwa. Gobe a hanya babu Kawu."